Gurbin Katin Kyamara Ya Lalace: A Gyara Ko A Sauya?

Kyamarar dijital kan kasance lafiya ƙalau ta kowace fuska, sensa, wato sashen da ke kama hoto, tana karɓar haske yadda ya kamata, shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe yayin ɗauka, tana bugawa, batir yana riƙe caji, amma aiki ya tsaya cik saboda ɗan gurbin da ake zura katin memori ya sami matsala. A irin wannan hali masu kyamara kan rabu gida biyu: wasu su yanke cewa kyamarar ta mutu, su fara neman kuɗin sabuwa, wasu kuma su nace sai an gyara ko da gyaran zai ci fiye da darajarta. Dukkansu sun fara ne da tambayar kuɗi, alhali kuwa akwai tambayoyi biyu da suka riga ta: mene ne ainihin abin da ya lalace, kuma nawa ya rage na ƙarfin sauran kyamarar? Wanda ya amsa waɗannan biyun da gaskiya, lissafin kuɗin kusan da kansa yake fitowa.

Kafin komai, a tabbatar laifin na gurbin ne, domin kati ya fi gurbi saurin mutuwa nesa ba kusa ba. A gwada wani katin da aka tabbatar yana aiki, shi kuma katin da ake zargi a sa shi a na'urar karanta kati da ke haɗe da kwamfuta. A kula da shekarun kyamarar ma. Katin SD na asali yana tsayawa ne a gigabait 2. Nau'in SDHC da ya fito a 2006 ya kai gigabait 32, sannan SDXC ya biyo baya a 2009 da wani tsarin ajiya na dabam. Tsohuwar kyamarar da aka ƙera kafin waɗannan nau'o'in ba za ta gane su ba, sai ta nuna saƙon kuskure iri ɗaya da wanda lalataccen gurbi ke haddasawa. Jabun kati ma yana yin haka, kuma ƙaramin katin waya da aka sa a cikin adafta ya fi kowa kawo wannan rikici, saboda an ƙara wani mahaɗi a tsakani wanda robarsa ba ta da kauri. Idan akwai hotuna masu muhimmanci a katin, kada a amsa tayin da kyamara ke yi na a goge shi a sake tsara shi. A cire shi, a kwashe abin da ke ciki a kwamfuta, in ya ƙi buɗewa a nemi manhajar ceto bayanai irin su PhotoRec, wadda kyauta ce. Maganar gyaran kyamara za ta iya jira, hotunan da aka rubuta wasu a kansu kuwa ba sa dawowa.

Idan katuna biyu ko uku masu lafiya duk sun ƙi, to a cire batir, a haska cikin gurbin da ƙaramar tocila. Katin SD yana da haƙoran ƙarfe tara a bayansa, a tsakaninsu akwai ɗan siririn shinge na roba, kuma wannan shingen yakan tsage idan kati ya tsufa. Sau da yawa abin da ake gani a can ƙuryar gurbin wani ɗan ɓallin roba ne shuɗi ko baƙi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ya kwanta a kan haƙoran kyamarar ya hana sabon kati isa ƙarshe. Wannan ba lalacewa ba ce, toshewa ce, kuma robar hura iska ko ɗan tsinken roba a hannun mai natsuwa yana fitar da shi. Sai kuma sifirin da ke kama kati idan an danna, ya sake shi idan an sake dannawa. In ya karye, kati yakan ƙi zama ko ya ƙi fita, amma haƙoran suna nan lafiya, har ma a wasu kyamarori murfin gurbin kaɗai ya isa ya riƙe katin a wurinsa. Shi ma murfin abin dubawa ne: a kyamarori da dama akwai ɗan makunni a bakinsa, in murfin bai rufu sosai ba kyamara ba za ta kunnu ba sam, mutum ya ɗauka babban abu ne ya ƙone.

Akwai wata matsalar da ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana sa a jefar da kyamarori masu rai. Ɗan maɓallin kulle da ke gefen katin SD ba shi da wata alaƙa da lantarkin cikin katin. Roba ce kawai mai zamewa sama da ƙasa. Kyamarar ce ke da wani siririn ƙarfe a gefen gurbi wanda ke taɓa wurin ya gane ko an kulle ko ba a kulle ba. Idan wannan ƙarfen ya lanƙwashe, ko maɓallin katin ya saki yana zamewa da kansa yayin zurawa, kyamara za ta riƙa cewa katin a kulle yake alhali ba a kulle shi ba. Alamar da ke bambanta wannan da sauran ita ce kyamara tana nuna tsofaffin hotunan da ke katin, rubuta sabo ne kawai take ƙi. Wannan yana daga cikin gyare-gyare mafi sauƙi, kuma sayen sabuwar kyamara saboda shi asara ce tsagwaronta.

Labarin katin CompactFlash, wanda SanDisk ta fitar a 1994 kuma manyan kyamarorin DSLR, wato masu madubi a ciki da ake sauya wa lens, suka daɗe suna amfani da shi, ya sha bamban. A nan alluran suna jikin kyamara ne, guda hamsin a layi biyu, katin kuma yana da ramuka hamsin da suke shiga. Zura kati a karkace, ko da ƙarfi, ko wani datti a ɗaya daga cikin ramukan, ya isa ya kwantar da allura. Haɗarin shi ne allurar da ta kwanta tana iya taɓa maƙwabciyarta ta haɗa wuta, ƙaramar matsala ta zama ƙonewar allon lantarkin da ke cikin kyamarar. Saboda haka da zarar an ga allura a kwance, a cire batir, kada a ƙara zura wani kati don gwaji, kuma katin da ya jawo abin kada a kai shi wata kyamarar, domin zai iya maimaita ɓarnar a can. Allurar da ta ɗan karkata masu gyara suna miƙar da ita. Wadda ta kwanta gaba ɗaya yawanci karyewa take yi idan aka ɗago ta, sai dai a sauya gurbin dungurungum.

A nan ne maganar kuɗi take shigowa, kuma abu ɗaya ne ya fi komai yanke ta: a ina gurbin yake zaune? A wasu kyamarori an ɗora shi a kan ƙaramin allo nasa na dabam, wanda siririyar waya mai faɗi ta haɗa da babban allo. Irin wannan sauya shi aiki ne na kwance sukurori da sake ɗaurewa, kayan kuma ba su da tsada. A wasu kuwa, kuma suna da yawa, an liƙa gurbin da dalma kai tsaye a jikin babban allon, wanda masu gyara ke kira fanel. Cibiyoyin gyara na kamfanoni ba kasafai suke zama cire gurbi da liƙa wani ba. Al'adarsu ita ce sauya allon gaba ɗaya, shi kuwa yana cikin sassa mafi tsada a kyamara, kuma a samfura da yawa sai an sake daidaita shi da manhajar kamfani bayan an sa. Mai gyara mai zaman kansa wanda ya ƙware a liƙin ƙananan sassa, yana aiki da iska mai zafi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, zai iya sauya gurbin kaɗai da kaso kaɗan na wancan kuɗin. Wannan ne ya sa mutum kan ji farashi biyu masu nisa da juna a kan matsala ɗaya, ba lalle don wani yana son cutarsa ba, sai don ayyuka biyu ne dabam-dabam. Cibiyar kamfani tana ba da kaya na asali da ɗan garanti a kan aikin. Mai zaman kansa yana ba da sauƙi, amma ingancin aikin ya rataya ne kacokan a kan hannunsa. In kyamarar tana cikin wa'adin garanti, wanda yawanci shekara ɗaya ne, a fara da kamfani ko da yake garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da hannu ya yi, domin buɗe ta a wani wuri yana soke abin da ya rage. In kuma samfurin ya daɗe da fita kasuwa, kamfani kan daina ajiye kayan gyaransa, sai mai zaman kansa da sassan da yake cirowa daga matattun kyamarori su zama hanya ɗaya tilo.

Game da mutum ya buɗe da kansa, ban ga hikimarsa ba sai ga wanda ya saba da irin wannan aiki. Kyamarar da ke da filashi a jikinta tana ɗauke da kafasita, wato ma'ajiyar wutar filashin, mai riƙe wutar da ta kai kimanin bolt 300 ko bayan an cire batir, kuma tana iya girgiza mutum ko ta ƙona allon idan ƙarfe ya taɓa ta. Sukurorin kyamarorin Japan na tsarin JIS ne, suna kama da na Phillips amma ba ɗaya ba ne, sukuddireban da bai dace ba yana cinye kansu. Ga siraran wayoyi masu yagewa da ɗan ja kaɗan, ga robobin da ke hana ƙura da danshi shiga waɗanda ba sa komawa daidai idan aka yi garaje. Hura iska da goge haƙoran kati da barasar goge lantarki, wannan kowa zai iya. Abin da ya wuce haka na masu sana'ar ne.

Tambaya ta biyu, wato ƙarfin da ya rage wa kyamarar, ita ce mutane suka fi tsallakewa. Shota tana da adadin bugun da aka ƙiyasta mata: ƙananan DSLR yawanci wajen 100,000, Canon 5D Mark III 150,000, Nikon D850 200,000, manyan na ƙwararru irin su Canon 1D X da Nikon D5 kuwa 400,000. Waɗannan ba ranar mutuwa ba ce, wasu kan wuce su da nisa, wasu kan gaza kaiwa, amma ma'auni ne mai amfani, kuma a samfura da yawa ana iya karanta adadin daga bayanan da ke ɓoye cikin hoton da kyamarar ta ɗauka. Kyamarar da ta yi bugu 20,000 ta cancanci sabon gurbi ko da ya ɗan yi tsada. Wadda ta haura ƙiyasinta, ana gyara mata gurbi yau, gobe shota ta nemi nata kuɗin. Dalilin lalacewar ma yana da nauyi. Gurbin da kati ya ɓata matsala ce ta wuri ɗaya. Gurbin da ya daina aiki bayan faɗuwa yana iya zama alamar tsagewar allo ko gocewar mazaunin lens. Mafi muni shi ne ruwa, musamman na gishiri: in an ga kore-kore ko farin gari a kan haƙoran, tsatsar ba a nan kaɗai take ba, tana ci gaba da cin allon a ɓoye, kuma kuɗin da aka zuba a irin wannan kyamarar da wuya ya dawo.

Akwai ƙa'idar da ake yawan faɗa, cewa in gyara ya haura rabin darajar abu a bar shi. Ƙa'idar ba laifi, amma ana kuskure wajen zaɓen darajar da za a auna da ita. Ba kuɗin da aka saye ta shekarun baya ba ne ma'auni, ba kuma kuɗin sabon samfurin da ke kanti ba. Ma'aunin shi ne abin da za a biya yau a sami irinta ta hannu mai lafiya. Wannan ya fito da zaɓi na uku wanda a ganina ya fi sauran biyun dacewa a lokuta da dama, wato sayen samfurin iri ɗaya na hannu. Duk lens, batir, caja da katunan da ake da su za su ci gaba da aiki, hannu ya riga ya san inda kowane maɓalli yake, tsohuwar kuma ta zama rumbun kayan gyara ko a sayar da ita ga masu neman sassa. Illarsa ita ce mutum bai san wahalar da ta hannun ta sha ba, alhali tasa ya san tarihinta. Don haka sai an duba adadin bugun shota, an gwada gurbin da katin mai saye, an ɗauki hotuna a jere an ga sun rubutu.

Sayen sabuwa fil yana da riba ta gaske, ba a musun wannan. Kyamarori marasa madubi na yanzu suna kama idon mutum su bi shi, suna jure ƙarancin haske fiye da na da, bidiyonsu ya fi kyau, da yawa ana cajinsu ta USB, ga garanti. Sai dai kuɗin da ke rubuce a jikin kwali ba shi ne duka kuɗin ba. Tun 2018 da Canon ta fito da mazaunin lens na RF, Nikon kuma ta fito da na Z, sababbin samfuran kamfanonin biyu kusan duk marasa madubi ne, wanda ke nufin tsofaffin lens ba sa hawa sai da adafta. Adaftar Canon tana aiki da tsofaffin lens ɗinta na EF yadda ya kamata, amma ta Nikon, wato FTZ, ba ta juya tsofaffin lens ɗin AF-D da ba su da mota a cikinsu, sai dai a saita kaifin hotonsu da hannu. Wasu sababbin kyamarorin suna buƙatar katin CFexpress, wanda ya fi SD tsada kuma yana son na'urar karantawa tasa. Batir na iya canzawa, tsohuwar manhajar gyaran hoto na iya kasa buɗe fayilolin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na sabuwar, girman fayilolin kuma ya nemi ƙarin wurin ajiya. Wanda dama yana shirin ƙaura zuwa sabon tsari, lalacewar gurbi ta gaggauta masa abin da zai yi ne ko ba jima ko ba daɗe. Wanda kuwa hotunan tsohuwar suna gamsar da shi har ranar da gurbin ya lalace, ya kamata ya tambayi kansa ko buƙata ce ke tura shi ko sha'awa ce ta sami hujja.

Ƙananan kyamarorin aljihu lissafinsu gajere ne. Komai nasu a cunkushe yake a allo ɗaya, ladan mai gyara kaɗai kan kai darajarsu, saboda haka mai araha daga cikinsu ba a wahalar gyara ta. Abin lura ɗaya shi ne samun madadinsu ya yi wuya: alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, kuma na aljihu ne wayoyin hannu suka fi kassarawa. Don haka masu daraja daga cikinsu, irin jerin Sony RX100 ko Ricoh GR, a auna su da ma'aunin manyan kyamarori, ba na ƙanana ba.

Akwai kuma hanyoyin lallaɓawa ba tare da gyara ko sauyawa ba. Kyamarori masu gurbi biyu, irin su Nikon D7000 da D750, Canon 5D Mark III da Sony A7 III, suna ci gaba da aiki da gurbin da ya rage, matuƙar dai lalataccen ba allura ce a kwance da za ta haɗa wuta ba. Mai ɗaukar hoto a situdiyo zai iya haɗa kyamara da kwamfuta ta wayar USB, hotuna su riƙa sauka kai tsaye ta manhajoji irin su EOS Utility na Canon ko Imaging Edge na Sony, bayan an kunna saitin da ke ba da damar ɗauka babu kati. Wasu ƙananan kyamarori suna da ɗan wurin ajiya na ciki, kamar gigabait 2 da ke cikin Ricoh GR III. In kuma sifirin ne ya lalace amma kati yana karantuwa, a sa babban kati mai inganci a bar shi a ciki, a riƙa kwashe hotuna ta wayar USB. Ga mai ɗauka don nishaɗi, waɗannan dabaru kan wadatar na shekaru.

Ga wanda hoto ne sana'arsa, lallaɓawa ba ta da wuri, kuma gurbin da ke aiki yau ya ƙi gobe ya fi wanda ya mutu gaba ɗaya haɗari, domin yana iya lalata fayil ana tsakiyar rubutawa, a gane bayan taro ya watse kuma ba a maimaita shi. Irin wannan mutum ya sa kwanakin da kyamara za ta yi a wurin gyara cikin lissafinsa, tare da kuɗin hayar wata a tsawon lokacin. In kyamararsa mai gurbi ɗaya ce, shawarata ita ce ya yi duka biyun gwargwadon hali: ya nemi mai gurbi biyu wadda ke rubuta kowane hoto a katuna biyu lokaci guda, tsohuwar kuma a gyara ta idan gyaran mai sauƙi ne ta zama ta ko-ta-kwana.

Wanda ya zaɓi gyara ya nemi a rubuta masa abin da za a sauya, gurbin kaɗai ko allon gaba ɗaya, kayan sabo ne ko cirowa aka yi daga wata kyamarar, nawa ne kuɗin dubawa idan ya fasa, kuma kwana nawa mai gyaran zai tsaya a kan aikinsa. Ranar karɓa kada ya wadatu da ganin kyamara ta kunnu. Ya zo da katinsa, ya tsara shi a cikin kyamarar, ya ɗauki hotunan RAW a jere har ta cika ta tsaya ya ga yadda take saukewa, ya ɗauki bidiyo na mintuna da dama, ya cire katin ya mayar sau da yawa, ya zuge maɓallin kulle ya ga ko ta gane. In gurbin na UHS-II ne, wato nau'in SD mai sauri mai layi na biyu na haƙora, ya lura da sauri musamman, domin idan layin na biyu bai liƙu daidai ba kyamara za ta iya ci gaba da aiki a saurin UHS-I, wanda bai kai shi ba, ba tare da ta nuna wani kuskure ba, sai a lokacin ɗauka mai yawa a jere ko bidiyo mai nauyi ne matsalar za ta bayyana.